Sanarwa: Ɗinkin Bubun Bazara

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Zafi ya kankama, don haka darasin Asabar ɗin nan bayan la'asar bubu za mu ɗinka. Wadda ba ta taɓa hawa keke ba ma ta zo. Yadin ake ninkawa gida biyu, a fitar da wuya a tsakiya, a ɗinke gefe da gefe a bar wajen hannu, sai kalmasa.

A sayo yadi 3 na auduga ko boyel mara nauyi a Kantin Kwari. Don Allah ban da mai roba, ga santsi a ƙarƙashin allura, ga riƙe gumi. A jiƙa shi ya bushe tun a gida, auduga tana tsukewa in ta sha ruwa.

Kowacce ta taho da almakashi, tef da alli.