Rapor ɗin ayyukan ƙungiyar unguwarmu a Damagaram na shekara ta 2024, daga magatakarda

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na ƙungiya. Ga rapor ɗin shekara, na san ya yi latti kuma na ji duk vokal ɗin da aka yi ta turowa a gurup, to dalili ɗaya ne, ma'aji ya ƙi rufe kaye, littafin lissafi, yana jiran waɗanda ba su biya ba masu cewa "gobe in Allah ya kai mu", goben nan har yanzu ba ta waye ba, shi ya sa muka ce a rubuta haka nan.

Taron wata-wata an yi shi, ban da na azumi da na Satumba.

Bari in fara da kotizasiyo tunda ita ce ke hana ni barci. 500F ne a wata, dala ɗari, mu muka yanke shi da bakinmu a ƙofar gidan mai unguwa kowa ya ɗaga hannu, amma da aka zo ƙarshen shekara waɗanda suka biya wata 12 cif ko rabinmu ba su kai ba, kuma abin da ya fi ba ni mamaki yawancin masu biyan mata ne masu ƙosai da masu saida ƙanƙara, su ne ba sa bari wata ya mutu ba su aiko yaro da canjinsu ba. Akwai mai albashi a cikinmu da rabon shi da biya tun kafin Tabaski, ba zan kama suna ba, ya san kanshi. Na bi gida-gida da moto na da esansi na, wani a ce yana barci, wani a ce ya tafi Mirriya, wani ina jin muryar shi daga zaure ana ce mini ba ya nan. Na san rayuwa ta yi tsada, tun rufe iyaka na 2023 kuɗin shinkafa da mai ba su koma yanda suke ba, ni ma a kasuwar Dole nake cefane ba a wata duniya ba, amma wanda ke sayen kiredi kullum don ya yi gardama a gurup bai rasa dala ɗari ba.

Sai maganar sharet ɗin kwasar shara, wadda ake ta tambaya "ina kuɗinmu". Sharet tana nan, an haɗa ta, tayoyinta sababbi, tana jingine a gidan shugaba duk mai shakka ya je ya gani da idon shi. Jaki ne babu. Kuɗin jakin muna da kusan rabi a hannu sai ruwan Agusta da Satumba ya zo, kun dai ga abin da ya faru, ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni da ya haura shekara 150 a tsaye ya faɗi, balle ɗakunan ƙasa na talakawa. A unguwar nan katangu sun zube, masai sun cika sun tumbatsa cikin lungu, mutane sun koma kwana a lakwal har gwamnati ta ɗage komawar yara zuwa 28 ga Oktoba. A wannan halin biro, wato shugabannin ƙungiya, ya zauna da dare muka ce jaki ya jira, aka sayi sabulu da ruwan javel da ƙwayoyin Aquatabs na tsabtace ruwan sha aka raba ma gidajen da suka rushe da waɗanda ke lakwal, saboda duk wanda ya ga kwalarar 2021 da ta shafi jiharmu da Maradi ya san abin da ke biyo bayan kashi ya haɗu da ruwan sha. An ce don me ba mu kira babban taro ba. Wane taro, da wa, mutanen da ko ranar rani ba sa zuwa ne za su zo cikin taɓo? Resi na komi yana wajen ma'aji. Alhamdu lillahi ba mu ji gidan da amai da zawo ya kwantar da mutane a jere ba cikin waɗanda muka bi, ban ce aikinmu ne ya hana ba, Allah ne ya tsare, amma ban yi nadamar jakin ba.

Yashe magudana an yi sau ɗaya kafin damina, an ce sau uku za a yi. Na farkon mutane sun fito ba laifi, na biyu mu shidda ne da buruweti ɗaya, na uku ni da ma'aji muka tsaya muna kallon juna muka koma gida. Leda kuma ta koma inda aka fiddo ta cikin sati biyu, tunda ba sharet ba inda za a kai sharar, ka ga maganar ta sake dawowa kan kotizasiyo. Wani abu da majo, shugaban ƙaramar likita ta CSI, ya faɗa mana wanda ni kaina ban sani ba, wai sauron da ke kawo palu bai cika son baƙin ruwan kwata ba, ya fi son ruwan sama da ya kwanta rana na bugun shi, irin na ramukan da ake haƙar ƙasar tubali da kududdufan gefen hanya, kuma cikin zafi kwana 10 ko sati biyu sun isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Garinmu kuwa a kan dutse yake, ruwa ba ya nutsewa da sauri, shi ne ka ga a bazara muna bin 'yan garuwa muna jiran ruwan famfo na Arungoza da na Gogo Machaya cikin dare, a damina kuma ruwa ya zo ya zauna mana a ƙofar gida. Cike ramukan nan sai da kamyo da ƙasa, ya fi ƙarfin aljihunmu, mun rubuta takarda muna jira.

Maganin rigakafin palu na yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 da ake rabawa kowane wata cikin damina, nan kam matan ƙungiya sun yi ƙoƙari, sun raka masu rabon gida-gida. Matsalar da suka kawo mana ita ce ta kullum, na ranar farko ana ba yaro gaban mai rabo, na kwana biyun da suka rage sai uwa ta ƙulle a bakin zane ta ce sai ya yi masassara ta ba shi, alhali na tsari ne ba na warkarwa ba, in ba a cika kwana ukun ba an yi aikin banza. Sange ma haka, mun ga wanda aka kewaye shuka da shi, mun ga na rufe kaji.

To yanzu abin da ya sa ban ajiye biro na gudu ba, ranar bada jini. Wallahi duk sanda na tuna sai in ji gajiyar shekarar ta sauka. Asalin abin Hajiya ce shugabar mata ta kawo shi, bayan ta yi jinyar jikanta a babbar likita cikin kaka, ta dawo tana ba mu labarin yaran da palu ya shanye ma jini, tafin hannu fari fat, ido fari, a ce ma uba ya nemo wanda zai bada jini shi kuma daga ƙauye ya zo bai san kowa a garin ba. Ta ce mu da ke zaune a birni me ya hana mu. Da muka fara faɗa an yi mana dariya, wasu suka ce ai saida jinin ake yi, wasu suka ce namiji in ya bada ƙarfin shi ya tafi, wani dattijo ma ya ce mini "yaro, jinin da ban ƙoshi da shi ba zan ba wani?" Sai muka je wajen liman, Allah ya saka ma Malam da alheri, ya yi maganar bayan sallar Juma'a har sau biyu, kuma ranar shi ya fara kwanciya ya miƙa hannu kafin kowa, daga nan baki ya mutu.

Ma'aikatan ɗibar jini sun zo da kayansu tun da safe, muka kafa rumfa a filin gaban lakwal, kujeru aro ne sono ma aro ne. Sun yi bayani ƙarara, mai shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50 ko fiye, mai ciki da mai shayarwa su haƙura, abin da ake ɗiba mililita 450 ne wanda bai cika ledar piyawata ɗaya ba cikin kusan lita 5 da ke jikin babba, kuma kafin a sa ma kowa jinin sai an auna shi don sida da ciwon hanta da tunjere. Maganar ledar piyawata nan ita ta fi shiga kan samari. 'Yan fada da ake ta zagi ana cewa ba su da aiki sai shayi da karta, su suka cika layin, fada guda ta taso gaba ɗaya da butar shayinta, 'yan kabu-kabu suna aje moto su bada su huta su koma aiki, har da wani ƙato da ke ɗaga ƙarfe wanda ya ga allura ya fara salati, aka yi ta dariya amma ya daure ya bada. Mata sun zo da yawa, wasu an maida su saboda jininsu bai kai ba, wata ta zauna tana hushi ita sai an ɗiba. Hajiya da mutanenta suka dama fura da kunu suka kawo burodi, ba su taɓa kes ɗin ƙungiya ba ko dala. Kafin la'asar ledojin da ma'aikatan suka zo da su sun ƙare, da sauran mutane a layi aka ba su haƙuri. Da yawa ranar suka fara sanin rukunin jininsu, yanzu akwai kaye na musamman da sunayen waɗanda suka yarda a kira su ko cikin dare, an riga an kira sau da dama kuma ba wanda ya ƙi tashi. Abin lura dai, mafi yawan waɗanda suka bada jinin ba 'yan ƙungiya ba ne, namu membobin wasu sai da aka watsa hotuna suka turo "masha Allah, mun yi ƙoƙari". Mu wa?

Aikin duba karne, wato katin rigakafin yara, gida-gida bai kammala ba, lungu huɗu muka yi muka tsaya, kuma wannan yana damuna ya fi na jaki. Mashaƙon da ya ɓulla wajen Kance da Matamaye a 2023 yaran da ba su cika allurar sati 6 da 10 da 14 ba ya fi kamawa, kuma a lungunan da muka bi mun ga karne da yawa da aka yi ta farko aka watsar, ta dussa ta wata 9 ma ba a je ba. Har yanzu yaro in maƙogwaro ya kumbura wajen wanzami ake fara kai shi a cire beli. Ga sanƙarau, ba mu manta ba daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma yanzu lokacin shi ne muke shiga na ƙura da iska. Zazzaɓi da wuya ya sandare, ko jinjiri maɗigar shi ta kumbura, a wuce likita kai tsaye kar a tsaya wajen mai tebur. Tun 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin ayyukan likitocin gwamnati da rabi, haihuwa kyauta, wasu a unguwa ba su ma sani ba. Aikin karnen ba kuɗi yake so ba, ƙafa yake so, mutum takwas da za su bada yammacin Asabar, na nema a gurup sau uku, mutum biyu suka amsa ɗayan ma da sitika.

Taro na gaba Lahadin farko na wata bayan la'asar, gidan mai unguwa, za a karanta kaye layi-layi da sunan kowa da watannin da ake bin shi, biro ya yarda da haka don kar wani ya ce na ci mutuncin shi. Za a kuma sabunta biro, ni dai na faɗa ma shugaba a nemi wani magatakarda, kayen masu bada jini kawai zan riƙe in an bar mini. Wanda ya ari buruweti da rato biyu tun bikin ƙanwar shi ya taho da su ranar.