A nema wa masu nazarin kayan tarihinmu guraben aiki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan wani fannin ilimi da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato nazarin zane da sassaƙar mutanen dā da abin da suke nunawa game da addininsu.

Tun 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna. Bature ne, Bernard Fagg, ya gane darajar irinsu, shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Daga 2005 kuma Jamusawan Jami'ar Goethe, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, suka shafe fiye da shekara goma suna tono, suka tabbatar wasu sun haura shekara 2,500. A Frankfurt aka fara baje kolin kayan a 2013, kafin daga baya su iso Kaduna. Ban ga laifin baƙin ba, sun yi aiki. Mu ma mun taɓa samun masana kayan tarihi irin su marigayi Ekpo Eyo, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen wannan karatu. To, magadansu fa?

Na koyar da tarihi a sakandare har na yi ritaya. Ɗalibina mafi hazaƙa ya karanci fannin har digiri na biyu. Yau sana'ar POS yake yi a bakin tasha, don babu gurbi. Masu tonon sata kuwa ba su huta ba, kayan na ta sulalewa zuwa kasuwannin Turai.

Wasu iyaye kan ce ai karatun gumaka ne. Haba! Wanda ya auna shekarun mutum-mutumi ba sujada ya yi masa ba. Kuma da wannan ilimin ne ake fahimtar bakan gizon rufin soro da shahararren magini Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya, da zayyanar allon sauka, da adon Alƙur'anan da mahaddatanmu suka rubuta da hannu. Zanen shanun da ke duwatsun Birnin Kudu ma yana nan yana jiran mai nazari.

Roƙona ga gwamnatocin Kaduna, Filato da Jigawa: su ɗauki nauyin ɗalibai ko da biyu-biyu ne duk shekara zuwa digiri na uku, su kuma tanadar musu aiki a jami'o'in jihohinsu kafin su kammala.

Naka,
Tsohon malamin tarihi, Kafanchan.