Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege kan yaranmu da ake ɗaurewa saboda ƙullin wiwi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Muna gaishe ka da ƴan majalisarka da limamanmu da masu unguwanni baki ɗaya.

Mu da muka rubuto wannan takarda iyaye ne maza da mata, da yayye da ƙanne, mazauna Zango da Oko-Oba da wajajen Pen Cinema, sai wasu ƴan uwanmu da ke nema a Mile 12 amma nan suke kwana. Akwai mahauta a cikinmu, akwai ƴan acaɓa da masu keke, akwai ƴan dako da masu shayi da mata masu sayar da abinci. Abu ɗaya ne ya haɗa mu, kowannenmu ko ɗansa ko ƙaninsa ko yaron shagonsa an taɓa kama shi da tabar wiwi, wasu sun fito, wasu har yanzu da muke wannan rubutun suna ciki.

Kafin wani ya kawo maka maganar a karkace Baba, bari mu faɗa da bakinmu, ba mu ce a halatta wiwi ba. Haramun ce, malamanmu sun faɗa mun kuma yarda, kuma mu ne muka fi kowa sanin ɓarnarta tunda a ɗakunanmu take, mu ake sace wa waya da kuɗin cefane, mu ke kwana ba barci in yaro ya sha wannan kolos ɗin da ta shigo yanzu, wato wiwin da ake haɗawa da sinadarai, ya faɗi a bakin layin dogo yana shure-shure yana kumfa. Babu uwar da za ta ga haka ta ce a bar shi ya sha. Abin da muke kuka a kai shi ne yadda ake yi da yaron bayan an kama shi, don wallahi abin da muke gani da idonmu ba ya gyara kowa, ƙara lalata su yake.

Ga yadda abin ke faruwa, kuma duk wanda ke zaune a unguwar nan ya sani. Za a kawo samame da daddare ko da asuba, kamen kan mai uwa da wabi, a kwashe wanda ya sha da wanda bai sha ba, har mai shayin da ke gefen da almajirin da ya zo wucewa, a loda su a mota. In an isa inda za a tsare su sai a fara ciniki. Ana rubutawa a bango cewa beli kyauta ne, to mu dai ba mu taɓa ganin wannan kyautar ba, wanda ƴan uwansa suka yi sauri suka haɗa kuɗi ya fito kafin la'asar, wani lokacin ma har wajen mai POS ake raka mutum, wanda kuwa ba shi da kowa a Legas, ya zo daga ƙauyen Sakkwato ko Jigawa ko Zamfara da buhunsa kawai yana kwana a masallaci ko cikin kasuwa, shi ne zai wuce gaba. Ba ya jin Turanci ba ya jin Yarbanci, a rubuta takardar bayani da yaren da bai sani ba a ce ya dangwala yatsa, ya dangwala, bai san abin da ya amsa ba. Iyayensa a arewa su yi ta kiran waya a kashe wata da watanni, wasu har sadakar bakwai an yi musu a gida ana zaton sun mutu alhali suna gidan yarin Ikoyi ko na Kirikiri suna jiran shari'a.

Mun je mun tambayi masu ilimin doka a cikinmu don kar mu zo gabanka da zancen gizo da ƙoƙi. Dokar tabar wiwi ta ƙasar nan tun 1966 take, zamanin soja, lokacin har kisa aka tanada ga mai nomanta. Sannan aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989, kuma dokarta ta ce wanda aka samu da miyagun ƙwayoyi a hannunsa ɗaurin shekara 15 ne zuwa 25. Gaskiya alƙalai sukan sassauta, wani a ba shi watanni ko zaɓin tara, ba mu musa ba, amma shari'ar ƙwaya a babbar kotun tarayya ake yinta, kuma kafin layi ya zo kan yaron da ba shi da lauya ya riga ya ci zaman da ya fi hukuncin da za a yanke masa. Kundin tsarin mulki kansa ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, ya ce a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin yaren kotu, dokar ƴan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, amma mun ga an tafi da uwa saboda ba a samu ɗanta a gida ba. Duk waɗannan haƙƙoƙin suna nan a rubuce Ranka ya daɗe, mai tsaya wa yaranmu ya karɓo musu ne babu.

Kuma a duba yawan mutanen da ake magana a kai. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shan ƙwaya a ƙasar nan, a cikinsu miliyan 10.6 wiwi suke sha, kuma yankin kudu maso yamma inda muke zaune shi ya fi ko'ina. To dan Allah wane kurkuku ne zai ɗauki mutum miliyan goma? Gidan yarin Ikoyi mutum 800 aka gina shi ya ɗauka, amma wajen 3,000 ake cusawa, ba mu manta ba a watan Disamba na 2019 wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a can cikin ɗakin da ya cika maƙil. A duk faɗin ƙasar kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba. Tunda ba za a iya kama miliyan goman ba, wa ake kamawa kenan, ai talakan da ke zuƙa a fili ne saboda ba shi da ɗakin da zai ɓuya. Ƴaƴan masu hali suna shan wiwinsu mai tsada da ake kira laud a cikin mota mai baƙin gilashi da gidajen rawa na tsibiri, ba mu cika jin an kwashe su a mota an kai su sel ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda suke fitowa. Yaro ya shiga da ƙullin ɗari biyu, ɗan dako ne mai neman na kansa da ya faɗa sharrin abokai, a haɗa shi ɗaki ɗaya da ƴan fashi da ƴan ƙungiyar asiri da manyan diloli, ya fito jikinsa duk ƙazuwa yana tari, ya koyo abin da bai sani ba a da, ya samo lambobin waya irin waɗanda ba a so, maigidansa ya riga ya ɗauki wani yaro, a unguwa ana nuna shi ana cewa tsohon fursuna, ba mai ba shi ajiya ba mai ba shi aure. Ina zai nufa in ba wajen dilan ba? Akwai wata baiwar Allah cikin masu sa hannu a wannan takarda, mai sayar da tuwo ce, ta sayar da firjinta ta ciyo bashin adashi ta fito da ɗanta, bai rufa wata biyu ba aka sake kama shi a wuri ɗaya, don ba a yi masa maganin komai ba, kuɗi kawai aka karɓa aka sako shi da ciwonsa. Shaye-shaye ciwo ne Baba, mun gani a ƴaƴanmu, wani yana kuka yana rantsuwa da Alƙur'ani ya daina, kwana kaɗan jikinsa ya hana shi sakat.

Shi kuwa dilan yana nan daram. Kowa a unguwa ya san lungun, yara ƙanana ma sun sani, in za a kawo samame sai ka ga ya rufe ya ɓace tun da yamma, washegari ya dawo ya ci gaba. Kayan ba a Agege ake noma su ba, daga dazukan Ondo da Edo da Delta ake lodo su a manyan motoci, wasu ta ruwa daga Gana, wasu a kwantena ta tashar jiragen ruwa, ita kanta hukumar NDLEA tana nuna irin waɗannan kamen a labarai kusan kowane mako kuma muna yaba mata. A can ya kamata ƙarfi ya tafi. Mai shigo da kaya da mai sayar wa yara a ɗaure shi, ba za ka ji bakinmu ba, har addu'a za mu yi wa wanda ya kama shi.

Mun san wasu dattawa za su ce in aka sassauta yara za su ƙara lalacewa. Muna girmama su, amma muna roƙo a tambayi limamanmu, ko a shari'ar Musulunci wanda ya sha giya bulala tamanin ce a mazhabarmu ta Malikiyya, a yi masa ya tashi ya koma cikin iyalinsa ya ci gaba da neman abincinsa, ba a ce a raba shi da duniya shekara da shekaru ba. Kuma sama da shekara hamsin ana wannan ɗaurin, shan bai ragu ba, sai ma ƙari da aka samu na tiramol da kodin da sholisho da kolos. A tuna kuma tun da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da sauran wurare a 2022 aka kwashe babura aka murƙushe, samari nawa ne suka koma zaman kashe wando a bakin layin dogo, mai zaman banza kuwa shi dila ke jira.

Wannan magana ba mu muka fara ta ba a ƙasar nan. Marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya je har Tailan a 2019 yana neman a yarda a noma wiwi don magani, an kuma kai ƙudiri majalisar wakilai a 2023 ƴan majalisa suka ƙi aka jingine shi. Wannan zancen noma da fitarwa waje na masu kuɗi ne, ba shi ya kawo mu ba, kuma shugaban NDLEA Janar Buba Marwa, wanda ya yi gwamnan soja a Legas ɗin nan har ake kiran keke da sunansa, ya sha faɗa cewa bai yarda a halatta ba. Mu abin da ya ja hankalinmu na maƙwabtanmu Gana ne, a 2020 suka gyara dokarsu, wanda aka kama da ɗan abin da zai sha shi kaɗai tara ake cinsa maimakon a jefa shi kurkuku, mai fatauci kuwa hukuncinsa na nan da nauyinsa. Ba su halatta ba, sun dai raba mai sha da mai sayarwa. Iyakar abin da muke so kenan.

Mun sani dokar ta tarayya ce, Sarki ba zai canza ta daga fada ba, shugaban ƙaramar hukuma ma ba zai iya ba. Amma muryarka tana zuwa inda tamu ba ta zuwa. Lokacin zaɓe duk fadarka suke zuwa neman ƙuri'un Hausawa, to muna roƙo ka kira ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Agege da sanatan Legas ta Yamma da ƴan majalisar jiha, ka haɗa kai da sauran sarakunan Hausawa na Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago, har da Oba da baale-baalen yankin nan tunda yaran Yarbawa ma haka ake kwasarsu, a kai magana ɗaya Abuja cewa a sa iyaka a doka, wanda aka samu da ƙasa da kaza kuma karon farko ne, a tura shi magani da aikin al'umma, kar a rubuta masa sunan mai laifi da zai bi shi har kabari. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta riga ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, a yi aiki da ita mana.

Kafin Abuja ta motsa kuma akwai abin da fada za ta iya yi tun gobe. A kafa ɗan kwamiti a ƙarƙashinka, da limami da dattijo da mace ɗaya ko biyu da wani mai jin Turanci da Yarbanci, ya zama duk yaron da aka kama a unguwar nan akwai inda za a kira, a je a ga inda aka ajiye shi, a yi masa tafinta, a sanar da iyayensa a arewa. Gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyi masu kare talaka kyauta, OPD, akwai kuma hukumar ba da agajin lauya ta tarayya, yawancin mutanenmu ba su ma san da su ba, in fada ta rubuta musu aka san juna ba ƙaramin taimako ba ne. Doka ta ce majistare ya riƙa zagaya wuraren tsare mutane duk wata yana duba waɗanda ke ciki, muna so fada ta riƙa miƙa sunayen yaranmu kafin ranar. Sannan batun magani, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu shaye-shaye amma kuɗin ya fi ƙarfin mai dako, in aka buɗe asusu ana tarawa a masallatan Juma'a da wajen manyan ƴan kasuwarmu na shanu da gwari da canji, ko yaro biyu aka kai a wata an rage. Muna roƙo kuma ka ja kunnen masu kai yara gidajen mari ana sa musu sarƙa ana dukansu da sunan gyara, mun ga abin da aka tono a Kaduna a 2019, ba ma son irinsa a nan.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Mun yarda za mu faɗi lungunan da ake sayarwa, amma a gabanka za mu faɗa, ba a wani wuri ba, don muna tsoron sunanmu ya koma kunnen dilan kafin mu iso gida, ya taɓa faruwa.

Muna roƙon Sarki ya sa mana rana, in da hali bayan sallar Juma'a, mu zo da iyayen da ƴaƴansu ke tsare yanzu haka da sunayen yaran da inda muke zaton an kai su, akwai waɗanda har yau ba mu gano inda suke ba. Matan cikinmu sun ce a roƙa musu a bar su su yi magana da bakinsu a ranar.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya shirya mana zuri'a.

Daga talakawanka, iyaye da ƴan uwan yaran da abin ya shafa, Agege, Legas. Sunaye da sa hannunmu na cikin takardar da za mu miƙa wa sakataren fada.