Sanarwa Kan Darasin Manɗiƙi Ga Ɗalibanmu Manya

Assalamu alaikum, malamai da iyayen yara na wannan zaure.

Muna sanar da ku cewa daga Asabar mai zuwa, bayan sallar La'asar, za mu fara koya wa ɗalibai masu shekara 13 zuwa sama ilimin manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, a makarantarmu ta Agege. Dalili shi ne, yaranmu suna karanta shafi guda ba tare da tuntuɓe ba, amma idan aka tambaye su abin da marubucin yake da'awa da hujjar da ya kafa, sai su yi shiru, kuma wannan ya daɗe yana damuna.

A tsohon tsarin karatu, yaro yakan fara da nahawu, sannan manɗiƙi, sannan balaga. Aristotil na ƙasar Girka ne ya tsara ƙa'idojin manɗiƙi, malaman Musulunci kuma suka raya shi. Abdurrahman al-Akhdari, wanda ya rubuta Ahalarin da muka karanta muna yara, ya yi waƙe a kan manɗiƙi a ƙarni na 16.

Ɗalibi zai koyi raba muƙaddima (maganar da aka kafa hujja a kanta) da sakamako. Idan ya ga an rubuta cewa duk ɗan kasuwar Mile 12 yana sammako, Malam Wane yana sammako, saboda haka ɗan kasuwar ne, dole ya gano inda hujjar ta karye, domin direbobin danfo ma suna sammako.

Muna roƙon iyaye su ba kowane yaro littafin rubutu da jarida guda ɗaya, ko tsohuwa ce, don daga cikinta za mu ciro misalai.