Ajiyar da ke ƙarƙashin gadonka

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan Birni a Damagaram lafiya. Ƙafar innarka ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwar Dole da kanta. Maganar yayarka kuma an daidaita, ta koma ɗakinta.

Wanda ya kai maka kilishi makon jiya ya dawo, fuskarsa ba yadda ya tafi da ita ba. Sai da na tsare shi a zaure bayan isha'i sannan ya faɗa mini. Ya ce akwai jaka a ƙarƙashin gadonka a ɗakin da kuke haya a Yamai, ta wani abokinka ce ɗan ƙungiyarku, kuma da ya ja ta zai tura kayansa, ka daka masa tsawa kamar ya taɓa wuta. Ya ce ƙarar ƙarfe ya ji. Shekara hamsin da ɗoriya ina dukanci, na ɗinka gafaka, na ɗinka alabe, na ɗinka kube. Jakar littattafai ba ta kuka in an ja ta a siminti. Kada ka ce mini ba ka buɗe ba, don da ba ka san abin da ke ciki ba da ba ka yi tsawar nan ba.

Tun daren ban runtsa ba. Da na rufe ido sai baffanka.

Ka san labarin, amma a bakin innarka ka ji shi, ita kuwa ba a kawo ta gidan nan ba lokacin. Ni ina tsaye, shekarata tara. A 1964 ne. An haramta jam'iyyar Sawaba tun 1959, shugabanta Djibo Bakary yana gudun hijira, a watan Oktoba mutanensa da suka koyo harbi a waje suka fara shigowa ta kan iyaka. A garin nan direbobi da ƴan tasha da masu sana'ar hannu da yawa zuciyarsu tana wajen Sawaba. Baffanka yaron mota ne a hanyar Kano, ko katin jam'iyya bai taɓa riƙewa ba. Ajiya aka ba shi, aka ce kwana uku. Rana ta biyu da asuba aka buga mana ƙofa. Abin da ya tsaya mini a ido har yau takalminsa ne, ƙafa ɗaya a bakin zaure. Kakarka ta hana kowa ɗauka, kullum ta share gefensa ta bar shi, har rana da damina suka cinye fatar. Sai da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974, aka saki fursunonin siyasa, sannan ya dawo. Ka san shi da tsufansa, ka san ba ya zama ya ba ƙofa baya. Shi kuwa mai ajiyar, a Kano ya tsufa cikin jikokinsa.

Da babbar salla ka ce a gaban ƙannen innarka wai mu tsoro ya cinye zamaninmu, shi ya sa muka bar muku ƙasa haka. Na haɗiye saboda baƙi. Yau zan ba ka amsa. Gaskiya ne zamanin Kountché babu jam'iyya, babu zaɓe, in za a ambaci gwamnati a rumfa sai an waiga hagu da dama. Labarai na BBC a kunne muke manna rediyo mu ji. A 1984, shekarar El Buhari, ga fari, ga Najeriya ta rufe iyaka, tiyar hatsi ta gagari mai gida. Baki goma sha ɗaya na ciyar da basilla da zare. Na yi shiru, ban musa ba. Cikin shirun nan yayyenka suka girma, a ciki aka haife ka, aka kai ka lakkwal har ka iya kalmomin da kake jifana da su. Yaron da bai taɓa auna hatsin gida ba shi ne zai koya mini jarumta?

Kuma ƴancin bakin da kake taƙama da shi, ka tambayi yadda aka same shi. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai irinka suka hau gadar Kennedy nan inda kake, aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. Ba su riƙe bindiga ba. Shi ya sa babu wanda ya iya wanke abin, ƙasa ta ɗau zafi, Shugaba Ali Saibou ya yarda da jam'iyyu barkatai, aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991 ƙarƙashin André Salifou, haifaffen garin nan. A 1993 na bi layi cikin rana tun hantsi na jefa ƙuri'a, Mahamane Ousmane ya hau, Damagaram ta kwana tana guɗa. Da an tsinci ƙaramar bindiga ɗaya a aljihun ɗalibi ɗaya ranar gadar nan, da ƴan tawaye aka kira su, a rufe zancen. Ƙuri'ar tawa kuwa bindiga ce ta share ta ranar 27 ga Janairun 1996. Wanda ya share ta, Ibrahim Baré, ita ta kwantar da shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999, a hannun masu tsaronsa.

Mutanen da suka yi shekaru a duwatsun Abzin suna yaƙi, waɗanda suka san bindiga fiye da abokinka nesa ba kusa ba, bayan sulhun 24 ga Afrilun 1995 sun kawo nasu. Ranar 25 ga Satumban 2000 aka tara makamai sama da dubu a Agadez aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Daga baya Libiya ta rushe a 2011, makami ya sake malalowa ta hamada, ya yi arha, har ya iso ƙarƙashin gadon ɗana. In aka yi bincike gobe, ba mai tambayar ta wace ce. Ɗakin wa aka same ta, shi ke nan.

Ka ji ni da kyau. Mai ita ya zo ya ɗauki abinsa yau, kada ta sake kwana. Kada ka fita da ita titi da kanka, kada ka ce za ka jefa ta kogi. In ya ƙi zuwa, ka tafi wurin kawunka ka faɗa masa komai ba ragi. Akwai hukumar tattara makaman da ba su kan ƙa'ida tun 1994, shi ya san yadda ake bi. Abokin da ya iya kwana lafiya alhali wuyanka yana cikin igiya saboda shi, ka san inda za ka ajiye shi.

Siyasa ban hana ka ba. Ka je taro, ka yi magana, ka rubuta, ka faɗi abin da ni na kasa faɗa. Wallahi ran da aka ce mini ka tsaya gaban ƴan uwanka ɗalibai ka yi jawabi, sai da na koma cikin rumfa na share ido don kada yara su gani.

Innarka ba ta san komai ba. Ta ga ba na cin tuwo, na ce mata cikina ne. Ba zan iya riƙe wannan ƙarya fiye da kwana biyu ba, ka san ta. Ka kira ni da hantsi ina rumfa, kada ka kira gida. Ka ce mini "an kwashe" kawai, zan gane. Wayata tana aljihun gaba.

Allah ya tsare mini kai, ya yi maka albarka.

Mahaifinka