Wasiƙa kan bikin kiɗan Zanzibar da rigimar abin gado

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, har da tambayarka kan bikin Sauti za Busara na Zanzibar, da abin da ya sa ake ta ka-ce-na-ce a kansa alhali kiɗa ne kawai.

An fara bikin a 2004. A watan Fabrairu aka saba yinsa, kwana uku ko huɗu, kuma mafi yawan shekarunsa a cikin Ngome Kongwe aka yi shi, tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal. Filin ba shi da rufi, ruwan damina da suke kira masika kuma yana sauka daga Maris zuwa Mayu, ga shi a Fabrairu Turai na fama da sanyi, masu yawon buɗe ido na neman rana. Dokarsu ita ce makaɗi ya buga da hannunsa, ba a sa faifai ana motsa baki. Tikiti hawa-hawa ne, ɗan ƙasa ya biya kaɗan, baƙo ya biya mai tsoka. Sai dai kuɗin ƙofa ba sa ɗaukar jirgin makaɗa da masaukinsu da hayar na'urorin sauti, dole a nemi tallafin ofisoshin jakadanci da kamfanoni. A 2016 kuɗi ba su haɗu ba, aka soke bikin ɗungurungum. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: masu otal ne ke cin kasuwar makon, masu shiryawa na yawon roƙo.

Inda lamarin ya fi tsami shi ne kiɗan taarab. A fada ya faro, zamanin Sarki Barghash, da salon Masar, ana rera shi da Larabci. An kafa ƙungiyar Ikhwani Safaa a 1905. Siti binti Saad, 'yar talakawa daga ƙauye, ita ta fito da shi kan titi da Swahili, har aka ɗauki muryarta a faifai a Bombay a 1928. Taarab a zaune ake sauraronsa, tsawon dare. Daɗinsa yana cikin habaici, mafumbo a bakinsu. Baiti ya taɓo mace, sai ta miƙe ta yi rangwaɗa zuwa gaban mawaƙi ta miƙa kuɗi, kowa a wurin ya san da wa take.

Yanzu ɗauki wannan ka ɗora a dandalin da ake ba kowace ƙungiya kamar awa guda, gaban mutanen da da yawansu ba sa jin Swahili kuma rawa suka zo yi. Cikakkiyar ƙungiya tana da masu goge da dama, da ƙanun mai tsirkiya sama da 70, da udu (garayar Larabawa), da akodiyan, da 'yan amshi. Kowanne na son makirufo, gwajin sauti kaɗai ya cinye lokacin wasu. Muryar ƙanun siririya ce, in an ɗaga ta lasifika ta yi kuwwa, in an bar ta ganga ta danne ta. Raɓar teku kuma tana sassauta tsirkiya. Mafita mai sauƙi ita ce a rage makaɗa, a gajarta baituka, a ƙara saurin kiɗa. A ganina a nan ake asarar, domin abin da baƙo ya tafa wa shi matasa za su ɗauka shi ne taarab.

Siyasar ta girmi bikin. A juyin juya halin 12 ga Janairu 1964 aka kifar da sarauta, aka kashe dubban mutane, galibi Larabawa da Indiyawa, wasu suka gudu. Sabuwar gwamnati ta ƙyamaci duk abin da ke da ƙanshin fada, har Ikhwani Safaa sai da ta koma amsa sunan unguwarta, Malindi. Da UNESCO ta sa tsohon garin, Mji Mkongwe, cikin wuraren gadon duniya a 2000, sarakunan nan da ƙofofinsu na sassaƙa suka zama hajar sayarwa. Ɗan rakiya zai kai ka Mkunazini ya ba ka labarin kasuwar bayi da aka rufe a 1873, amma in ka tambayi 1964 sai ka ji maganar ta gajarce. A 2006 ma an fasa shagalin tunawa da mawaƙi Freddie Mercury, wanda aka haifa a can a 1946, saboda wata ƙungiyar Musulmi ta ce ba da sunan tsibirinsu ba.

Gine-ginen kansu da dutsen murjani da farar ƙasa aka yi su, rufin kuma da sandunan boriti, kwatankwacin azararmu. Mai gaggawar mayar da gida otal sai ya shafe bango da siminti, danshi ya maƙale a ciki, gishiri ya ci dutse, bakin sandunan ya ruɓe. Ka san abin da siminti ke yi wa ginin ƙasa. Fadar Beit al-Ajaib, da aka gina a 1883 dab da Ngome Kongwe, wani sashensa ya rufta ranar 25 ga Disamba 2020 ana tsakiyar gyara.

In Allah ya nufe ka da zuwa, duba kalanda tukuna, don akwai shekarun da azumi ke ratsowa cikin Fabrairu. Kama masauki da wuri, a cikin gari, ka huta da neman mota tsakar dare. Ka ware yini ɗaya ka je makarantar kiɗa ta Dhow Countries Music Academy, ka kuma tambayi daren da ƙungiyar taarab ta Culture Musical Club ke gwaji a unguwar Vuga. Ka tafi da canji a aljihu saboda liƙi.

A gaishe mini da Hajiya da yara, a kuma ce ina gaida Baba da jiki. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini.