Lamba 2,147,483,647 Da Yadda Muke Koyar Da Lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan lamba guda ɗaya, 2,147,483,647. Na koyar da lissafi a sakandare har na yi ritaya, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke koyar da lambobin da ba sa rabuwa. Yara su haddace 2, 3, 5, 7 har zuwa 97, a ba su maki, shike nan, sai su fita da zaton magana ta ƙare a ɗari.

Idan ka jera 2 sau 31 ka ninka su da juna, sannan ka cire 1, wannan lamba ce za ta fito. Babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan ana kiran su lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci Bafaranshe, kuma ita ce ta takwas a jerinsu bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Kada a ɗauka dabarar tana ci kullum: jera 2 sau 11, cire 1, ka sami 2,047, wadda 23 sau 89 ce.

Wanda ya tabbatar ba ta rabuwa shi ne masanin lissafi Leonhard Euler, a 1772, lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Nan ne abin ya fi burge ni. Bai zauna yana gwada biliyoyin lambobi ba. Ya san in har tana rabuwa, dole a sami mai raba ta ƙasa da 46,341. Sannan ya nuna cewa duk mai raba ta, in aka raba shi da 248, ragowarsa ko dai 1 ce ko 63. Sai tulin ya koma ɗan tsibin da mutum zai iya bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan tunanin ya kamata yaro ya gani a allo. Kusan ƙarni guda ba a san wata marar rabuwa da ta fi ta girma ba.

Tana kuma haifar da cikakkiyar lamba, irin 28 da masu raba ta, 1, 2, 4, 7 da 14, ke haɗuwa su ba da 28. Ninka 2,147,483,647 da 1,073,741,824, ka sami 2,305,843,008,139,952,128, ta takwas a cikakkun lambobi.

Mai tambayar ina amfaninta, ga shi. Ita ce iyakar ƙidaya a tsarin kwamfuta mai bit 32, wato gurabe 32 da kowanne ke ɗaukar 0 ko 1, da ke ware gurbi ɗaya don alamar ƙari ko ragi. Na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ƙidayar za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya. Wadda ba a gyara ba, agogonta zai koma Disamba 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci galibi sun koma bit 64, amma mu da muke yawan sayen na hannu, ya kamata masu gyaranmu su san wannan.

Roƙona ga 'yan'uwana malamai: ku rubuta 2,047 a allo, ku bar yara su nemo 23 da kansu, sannan ku ba su labarin Euler. Kai kuma Edita, don Allah ka ware wa lissafi ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, a shirye nake in riƙa aiko da rubutu.

Naka,
Tsohon malamin lissafi, Zariya